Lakar Rijiyar Kada

Shekaranjiya ɗalibai uku suka same ni a ƙofar gida nan Yelwa. Wai malaminsu ne ya turo su in nuna musu yadda ake ɗibar laka a tafki, za su nemi ƙwayoyin da ke ba da magani. Na ce ina kayan aikinku? Ɗaya ya ɗaga mini robar lemo da ya ɗauraye da ruwan famfo, ɗaya ya zaro cokali daga aljihu. Da na ce wannan ba zai yi ba, sai na ukun ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, laka ce fa kawai." Ban yi musu faɗa ba, don ni ma na taɓa faɗin haka. Amma tunda yau kun taru a nan, ku 'yan unguwa da su ɗaliban duka, bari in gaya muku yadda aikin yake.

Sunana Audu. A wani gungu aka haife ni, tsakiyar gulbin Kwara, ta wajen Ngaski. Kada ku wahalar da kanku nemansa, yana ƙarƙashin tafki. Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan Inna, Yaya Bawa da ni. Shi ya gaji babanmu a su, wato kamun kifi, ni kuwa fito nake yi, ina kai mutane da buhunan albasarsu kasuwar Yelwa. Na ɗan zauna ajin yaƙi da jahilci, har na iya rubuta lamba da sunana da boko. Wannan ɗan rubutun ne ya ja ni cikin aikin laka.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba wani baƙo ya sauka Yelwa da akwatunan katako, yana neman mai jirgi wanda ya iya rubutu. Mutumin can ƙasa ne, inda Kwara ke rarrabuwa ta faɗa teku. Sunansa Timi. Ni ina ce masa Dakta, 'yan kasuwa kuma suka laƙaba masa Likitan Laka, don ba ya allura, ba ya duba majiyyaci. Ran da na fara ɗaukarsa a jirgi ya ɗebo taɓo a tafin hannu ya miƙo mini. A lokacin da ƙyar Hausarsa ke fita.

"Audu, mutum nawa ne a Yelwa?"

Na ce ban sani ba, amma suna da yawa.

"Masu zama cikin wannan sun fi su yawa."

Ya ce sunansu bakteriya, ido ba ya ganinsu, kuma ba dukansu ke sa cuta ba. A cunkushe suke zaune suna faɗa kan abinci, sai wasu su riƙa fitar da wani ruwa mai kashe na kusa da su. Wannan ruwan, in an tace shi an gwada, wani lokaci shi ke zama maganin da ake yi wa mutum allura da shi. Ya ce ya yi shekaru yana tonon lakar bakin teku a garinsu, don na ruwan gishiri suna da irin makamin da na tudu ba su da shi. Da ya ji za a datse Kwara a Kainji, ruwa ya haɗiye gungaye da fadamu, sai ya roƙi masu ba shi aiki su bar shi ya zo ya ga abin da ke nan kafin ya nutse. Na ce, "Dakta, duk wannan tafiyar saboda laka kawai?" Ya ɗauraye hannunsa a gulbi. Ya ce gobe in zo da sassafe.

Wata huɗu ban taɓa laka ba. Wanki nake yi, kwalabe da farantan gilashi masu murfi, a wani ɗaki ciki da falo da aka ba shi kusa da bakin ruwa. Sabulu, toka, ruwan zafi, sannan ɗauraya sau uku da tataccen ruwa. Yakan ɗaga kowane faranti a hasken taga. In ya ga sawun yatsa a guda ɗaya, duk kwandon yake mayar mini. Bayan wanki sai a toshe bakin kwalba da auduga, a naɗe faranti da takarda, a jera su cikin wata tukunyar ƙarfe mai kauri da ake ɗaure murfinta da kusoshi, a ɗora kan risho. Tururin cikinta ya fi tafasasshen ruwa zafi, ba abin da ke fita da rai. Akwai ɗan agogo a murfin, sai allurarsa ta kwanta ake buɗewa. Wata rana ana kiran azahar na yi gaggawa, na kwance kusa ɗaya kafin lokaci. Ga tabon nan, daga wuyan hannu har gwiwa. Dakta ya ɗaure mini da kansa, sannan ya sa na sake dafa kwalaben daga farko da hannu ɗaya.

Abincin ƙwayoyin kuwa da wani farin gari ake yinsa, wanda ake cirewa daga ciyawar teku, cikin gwangwani yake zuwa daga ƙasar waje. A dama shi da romon kifi da ɗan sitaci, a dafa a tukunyar nan, a zuba a faranti, in ya huce sai ya daskare kamar agidi. Ranar zubi ana rufe ƙofa da taga ko da tsakiyar bazara ne, a kunna fitilar sifirit, mai wuta ba hayaƙi, a yi aiki dab da harshen wutar. Ba magana, ba tari. Zufa na shiga maka ido ba ka da halin sharewa. Numfashinka kaɗai ya isa ya ɓata aikin mako biyu, don bakinka ma cike yake da nasa ƙwayoyin. Shi ya sa na ƙi robar lemon nan. Abin da zai tsiro daga cikinta na famfo ne da na hannunku, ba na tafki ba.

Ɗibar farko da Dakta ya bar ni na yi ni kaɗai, a wata fadama ce ta wajen Shanga. Kayan aikin bututun ƙarfe ne mai tsawon kamu biyu, an ɗaura masa dalma don ya yi nauyi, da igiya mai ƙulli a kowace gaba. Ka kafe jirgi da gora, ka saki bututun ya nutse a miƙe, ka jawo a hankali kada ya amayar. Ba a ɗaukar lakar sama, ba a ɗaukar wadda ta gogi ƙarfe. Ta tsakiya ake cira, da cokalin da aka gasa a wuta. Sannan ka rubuta lamba, da wuri, da zurfi, da launi, da wari. Na dawo da kwalba takwas ina jin na burge. Ya duba ya ga biyu ban rubuta zurfinsu ba, ya tuttular da su a gabana. Na ce yini biyu fa na yi ina tuƙi. Ya ce, "To in sun ba da magani, ina za mu koma mu ɗebo?"

Daga nan sai jira. A shanya lakar a inuwa, a tsarma ɗan ƙanƙani a ruwa, a shafa a faranti, a ajiye. Mako ɗaya, mako biyu. Waɗanda muke nema ba su da hanzari. Suna fitowa kamar ɗigon alli, a bushe, in ka ɗan ɗaga murfi sai ka ji ƙamshin ƙasa na ranar ruwan farko. A ɗauki kowanne da waya mai ɗan zobe a baki, a ba shi kwalbarsa da lambarsa. Sai gwaji. A shafe faranti da ƙwayoyin cutar da aka samo daga ruwan gyambo, a ajiye namu a tsakiya. In yana da makami, washegari za ka ga fili ya kewaye shi, fes, inda na cutar suka kasa shiga. Mun fi shekara biyu muna wannan, daga Shanga har Wara. Yawanci ba fili. Jifa-jifa a ga ɗan siriri, Dakta ya auna ya yi tsaki, ya ce an riga an san irinsa, har ana sayarwa a kemis. Masu ba shi aiki suna ta rubuto takarda suna tambayar sakamako. 'Yan gari kuma suna zuwa da ciwon ido da basir, muna ba su haƙuri suna tafiya suna zagi.

Inna ce ta kai mu ga abin da muke nema, kuma ba da son ranta ba. Ita mai maganin gyambo ce, daga ƙauyuka masu nisa ake zuwar mata. Wata rana muka ratse gungunmu shan ruwa, muka tarar tana wanke ƙafar wani manomi Bakambare, ciwon ya ci masa ƙauri har ana hangen fari. Ta ɗebo baƙar laka a ƙoƙo ta shafe wurin, ta rufe da ganye. Dakta ya miƙe tsaye. Ya ce in gaya mata za ta kashe mutumin, ƙasa a kan ciwo ita ke kawo cutar da ke sandarar da jiki ta ɗaure haƙora. Na faɗa mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Auta, hwaɗa mai ba kowace laka ba ta. Ni ma na san mai kisa."

Duk mako Dakta ya riƙa sa ni in kai shi ya duba ƙafar nan. Kafin wata biyu ciwon ya rufe, manomin ya koma gona. Dakta ya roƙi Inna ta nuna masa inda take ɗebo lakar, ta ce wurin kakarta ne, ba na gwamnati ba. Ya ce ruwa zai rufe wurin, ta ce gulbin da ta sani bai taɓa hawa duwatsun nan ba. Haka aka yi ta yi har ran da masu awon madatsa suka zo gungun, suka hau tsamiyar bakin gari da tsani, suka shafa jan fenti can sama, ya wuce tsayin kowane rufin ɗaki. Suka ce nan ruwa zai kai. Inna ta daɗe tsaye tana kallon fentin. Da yamma ta ce in kira baƙona.

Rijiyar Kada ake ce wa wurin. Wani rami ne tsakanin duwatsu a wutsiyar gungun, sai da rani, in gulbi ya ja baya, yake fitowa. Ruwa na tsattsafowa daga ƙarƙashinsa, shanun Fulani kan zo su yi ta lasar duwatsun. Inna ta kafa mana sharaɗi: a tuɓe takalmi, a yi sallama, a ɗiba da hannun dama, kada a wuce ƙoƙo ɗaya. Dakta ya yi duka. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ruwan, sai na ga ya nemi dutse ya zauna.

"Audu, gishiri. Wannan ɗanɗanon garinmu ne."

Faranti wajen arba'in muka shafa da lakar nan ba mu ga sabon abu ba. Sai ya ce a ƙara gishiri a abincin, kamar yadda yake yi wa na teku. A cikin waɗannan ne, bayan kwana goma sha wani abu, ɗigo ɗaya ya fito, ja kamar manja. Muka ware shi, muka gwada. Da na ɗaga farantin da safe na ɗauka na yi kuskure wajen shafa ƙwayoyin cutar ne, don filin ya yi faɗin da ban taɓa gani ba. Dakta ya karɓa ya auna ya rubuta a littafinsa. Muka maimaita sau biyar. Muka gwada shi a kan ƙwayoyin wani majiyyaci da allurar asibiti ta kasa, nan ma ya share su. Yana da lamba kamar sauran, amma Ɗan Inna muke ce masa.

Ni na ɗauka an gama. Na ce yaushe za a fara sayarwa? Ya zaunar da ni ya ce, "Wannan ba magani ba ne tukuna. Sai masu ilimin haɗa magani sun ciro abin da ke cikin ruwansa sun san ko mene ne. Sai an ba ɓeraye an ga ko guba ne. Sai an gwada a mutane kaɗan, sannan da yawa. Shekara goma, in an yi sa'a. Yawancinsu a hanya suke mutuwa." Ya rubuta wa masu ba shi aiki, suka amsa cewa bayan damina za su turo mota da akwatin ƙanƙara a ɗauka.

Motar ba ta zo ba, don a shekarar ne ƙasa ta rikice. Labari ya riƙa zuwa daga manyan garuruwa cewa ana kashe mutanen gabas, kowa na tattara kaya. Nan Yelwa ba wanda ya taɓa Dakta, duk da shi ma daga can ya fito, masu kifi ma cewa suka yi ya zauna ba abin da zai same shi, amma matarsa da 'yarsa suna can gida. Na ɗauke shi a jirgi muka gangara yini biyu, har inda zai sami mota. Kwalba tara muke da su na Ɗan Inna. Ya naɗe uku da auduga ya sa a gwangwanin sigari, ya ɗauki littafinsa, ya bar mini shida da mabuɗin ɗaki. A bakin gaɓa ya ce, "Abu uku. Kada firji ya mutu. Duk wata ka dasa shi a sabon abinci. Kada ka ba kowa ya sha ko ya shafa. Wata uku zan dawo."

Firjin nan da kananzir yake aiki, yana da lagwani a ƙasa kamar fitila. In harshen ya yi shuɗi lafiya, in ya yi ja yana hayaƙi, to sanyi zai tafi. Kullum sai na durƙusa na gyara lagwanin. Wata uku suka wuce, wasu suka biyo baya, aka shiga yaƙin basasa. Ba takarda, ba saƙo, ba gwangwanin garin abincin. Na koma fito don in riƙa sayen kananzir, daga baya kananzir ɗin ma ya ɓace daga kasuwa, sai ka yi mako kana bin masu tireda ba ka sami cikin kwalba ba. Ran da firjin ya mutu na binne randa cikin jiƙaƙƙen yashi a kusurwar ɗaki, na jera kwalaben ciki, ina yayyafa ruwa sau huɗu a yini.

Garin abincin shi ne babbar matsala. Gwangwani ɗaya da rabi ya bari. Da rani na farko na koma Rijiyar Kada na ɗebo sabuwar laka, na sadaukar da faranti goma ko zan sake kamo Ɗan Inna daga tushe. Fumfuna ce ta cinye bakwai, sauran ukun ba ja a ciki. Ban ƙara ba, don in na ci gaba ba abin da zan ciyar da na hannu. Na riƙa rage kaurin zubi har ya koma kamar fatar albasa. Da garin ya kusa ƙarewa na gwada agidin masara, ya narke. Na gwada yankan dankali da na rogo, in dafa su a tukunyar ƙarfe in jiƙa da ruwan gishiri. Ya yarda ya tsiro a kan dankali, amma launinsa ya fara kodewa, daga ja ya koma ruwan ƙasa, daga nan fari-fari. Kwalba biyu fumfuna ta shiga, na rasa su. Abin da Dakta bai gaya mini ba, wataƙila don bai yi zaton zai daɗe ba, shi ne waɗannan halittu in an yi ta dasa su daga kwalba zuwa kwalba, ba abokin faɗa, sukan daina yin makamin. Suna nan da rai, amma ba komai a hannunsu.

Ana cikin haka aka rufe madatsar. Ruwan bai zo da gudu ba. Kullum da safe sai ka ga ya ci taki biyu ko uku, ya shiga gonakin albasa, ya shiga maƙabarta. Kafin ya kai ga duwatsu ni da Inna muka cika tulu huɗu da lakar Rijiyar Kada, ta karya dokar ƙoƙo ɗaya da hannunta. Tana cikawa tana cewa aikin banza muke yi, lakar nan kwana uku take yi in ta bar wurinta. Aka kwashe mutanen gungunmu aka kai su tudu, cikin sababbin ɗakunan siminti da aka jera kamar barikin soja.

Yaya Bawa bai iya noman tudu ba, ya koma su a sabon tafkin. Amma ruwan ba wanda ya sani ba ne. Ƙarƙashinsa duk itatuwa ne a tsaye. Wata rana tarunsa ya sarƙe, ya nutsa ya kwance, wani karyayyen reshe ya tsarge masa ƙauri. Cikin mako ƙafar ta kumbura tana ruwa. Inna ta buɗe tulu ta shafa masa, lakar ta riga ta yi tsami, ba ta yi komai ba. Muka kai shi wajen mai allura, ya ce magani mai ƙarfi duk ya tafi bakin daga, ya yi masa allurar da yake da ita. Ciwon bai ko girgiza ba.

Da rana tsaka Inna ta iso Yelwa, ta tura ƙofar ɗakin aikin. Ba ta taɓa shiga ba sai ranar.

"Auta, ba ni abin da kunka ɗauka."

Na ce, "Inna, ba magani ba ne tukuna. Dakta ya ce kada..."

"Dakta shina ina? Yayanka na kwance, ƙahwa ta yi kamar turmi. Ni na ba ku shi da hannuna. Ba ni abina."

Na roƙe ta kwana biyu. Na kankare gindin gwangwani, na sami abin da ya isa faranti ɗaya. Na je na ɗebo ruwan ciwon Yaya Bawa da kaina, na shafa, na ajiye Ɗan Inna a tsakiya, daga kwalbar da ta fi sauran launi. Inna ta kwana gidan wata 'yar'uwarta, da hantsi ta dawo. Na ɗaga farantin a hasken taga. Ƙwayoyin cutar sun rufe shi kaf, har sun hau kan namu.

Ta ce, "Ina filin da kake hwaɗi?"

Na ce babu.

"Kun kashe shi."

"Yana da rai, Inna. Gajiya ya yi."

"A wurinshi bai taɓa gajiya ba."

Duk da haka na karya maganar Dakta. Na shuka Ɗan Inna a romon kifi, na tace ruwan, na kai mata ta riƙa wanke ciwon da shi. Kwana biyar muna yi, baƙin da ƙafar ta yi yana hawa sama, ya wuce gwiwa. Aka ce sai dai a kai shi babban asibiti a yanke ƙafar. Muka sa shi bayan wata motar shanu da ke komawa ba kaya. Hanyar a lokacin ba kwalta. Bai kai ba. Wasu mutanen ƙauye a bakin hanya, waɗanda ba su san mu ba, su suka taimaka aka yi masa sutura, a can yake kwance. Inna ba ta ƙara karɓar mai gyambo ba. In an zo sai ta ce a tafi asibiti. Bayan damina biyu ita ma ta bi shi.

Kwalba huɗun da suka rage na riƙe su har aka gama yaƙi, ina dasawa a dankali, ko Dakta zai dawo ya san dabarar farfaɗo da su. Bai dawo ba. Aka zo aka ce ana son ɗakin. A aikinmu ba a zubar da abu mai rai a bola, ko da ba ya cutarwa. Na jera su a tukunyar ƙarfe, na ɗaure kusoshi, na kunna risho, na jira allura ta hau ta sauka. Na wanke kwalaben, na miƙa mabuɗi.

Saboda na iya wanki da zubi aka ɗauke ni ɗakin gwaji na wani asibiti, na yi shekara talatin da 'yan kai ina karɓar fitsari da majina da ruwan ciwo. A can ma faranti ne, sai dai a tsakiya ana ajiye 'yan takardu masu ɗauke da magungunan kemis, a ga wanne zai yi wa majiyyaci. Da idona na ga filayen nan suna tsukewa shekara bayan shekara. Maganin da a farkon aikina yake share rabin faranti, kafin in yi ritaya ƙwayoyin cuta har kansa suke hawa. Shi ya sa kuke jin yanzu masana sun koma teku suna tono, har da jiragen da ke nutsewa ƙasa. Na tudu an tone shi an gama. Malaminku bai yi ƙarya ba, akwai magani a laka. Abin da bai gaya muku ba shi ne samunsa ne ƙaramin aiki.

Bayan na yi ritaya wata mata ta zo Yelwa tana tambayar Audu mai jirgi. Dattijuwa ce, har ta fara furfura. Ta ce ita ce 'yar Dakta Timi, ita ma aikin da take yi ke nan, a wata jami'a can bakin teku. Ta ce mahaifinta ya isa gida lafiya, amma yaƙi ya riske su. Sun gudu a kwale-kwale cikin fadamun gishiri, jirgin ya kife, gwangwanin sigarin ya tafi. Shi kuma bai daɗe ba bayan yaƙi ciwo ya ɗauke shi. Littafin kaɗai aka tsamo. Ta buɗe mini shi. Shafukan sun manne, tawada ta bazu. A shafi ɗaya ana iya karanta sunana, da Ɗan Inna, da yawan gishirin da ake sawa. Layin da ya rubuta awon filin ya wanke tas.

Muka ɗauki jirgi mai inji muka fita. Da can ina gane wurin da tsamiya a dama, dutse mai tsaga a hagu. Yanzu ko'ina ruwa ne, gaɓa ma da ƙyar ake hangowa. Na ce wa mai jirgi ya tsaya nan, sannan na ce a'a, gaba kaɗan, sannan na ce mu koma baya. Muka saki bututu a wuri bakwai. Abin da ya fito laka ce mai ruwan ƙasa, lakaf-lakaf, ba wari, irin wadda gulbi ke kawowa duk shekara yana jibgewa. Na ɗanɗana ruwan cikin bututun, salaf, ba gishiri. Ta cika kwalabenta duk da haka, ta rubuta wuri da zurfi kamar yadda ubanta ke yi. Daga baya ta aiko da takarda cewa ba abin da ya fito.

Kafin ta shiga mota ta ce, "Baba, ban da kai akwai wanda ya ga filin da Ɗan Inna ya yi a faranti?"

Na ce Dakta ne kawai da ni. Ba mu da abin ɗaukar hoto.

"To nuna mini faɗinsa."

Na ware babban yatsa da manuni. Ta ciro 'yar rula daga jaka ta ɗora. Hannuna ya riga ya fara rawar tsufa a lokacin, ta auna, ta ce in sake. Na sake. Ta ce in ƙara sau ɗaya. Sau uku ta auna, lamba uku daban ta samu. Ta tsaya tana kallon rular, sannan ta buɗe littafin ubanta, ta rubuta duka ukun a gefen shafin.